Turamen Garejin Baba

Yau kwana tara babu wanda ya share gindin darbejiyar da Baba ke aiki, can bayan tashar da motocin Mai'adua ke lodi. Jiya Inna ta aike ni in ɗauko butarsa da dardumarsa, na tarar ganye ya rufe wurin da ya yi shekara da shekaru yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, awaki sun shiga sun yi zamansu a inuwar motar da ya bari a karkace. Ban iya ƙarasawa ba. Na tsaya daga nesa, sai da mai tuyar awarar wurin ta tausaya ta miƙo min kayan. Har yanzu in murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai na zabura. Kowa cewa yake in gode wa Allah, kuma na gode. Amma shekaruna ba su kai in riƙa cewa "a da" ba, bara kawai na gama sakandare, ga shi kuma tun ranar nan duk abin da na sani na ƙuruciya ya koma "a da", kamar an naɗe tabarma an jingine.

Baba makanike ne, amma ba na komai da komai ba. Abin da aka san shi da shi a Daura shi ne kuloci da giya. In mota ta fara gardamar shiga giya, ko direba ya taka totur inji ya yi ta kururuwa motar kuwa tana jan ciki, 'yan tasha ba sa dogon bayani, sai su nuna da baki su ce a kai ta gindin darbejiya. Hanyoyinmu na ƙauye rairayi ne, kuma babu abin da ke cin kuloci kamar rairayi da lodi. Direba zai cika akori-kura da raguna ko buhunan gero daga wajen Baure, taya ta nutse, shi kuma ya ƙi sauke kaya, ya yi ta rabin taka kuloci yana ba ta wuta har wani ƙauri ya tashi kamar ana babbakar gashi. Cikin wannan ƙaurin na tashi. Yana jikin rigunan Baba, yana jikin hularsa, Inna ta yi ta dirza da sabulu ya ƙi fita. In na rufe ido ina jin hantsin wurin: noti na faɗawa cikin tsohon kwanon da yake tara su, rediyon mai shayi, 'yan kamasho na kiran Zango da Katsina, da muryar Baba daga ƙarƙashin mota, ba ka ganin komai nasa sai ƙafafu biyu masu faso, yana ɗan rera wani abu da ba waƙa ba ne ba kuma karatu ba.

Ni ce babba a gidanmu, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. Aikina tun ina firamare shi ne kai masa abincin rana. In an taso daga makaranta, Inna ta ɗaure kwanon a tsumma, in ɗora a ka, ta ce min kada in zauna. Ban taɓa dawowa da wuri ba. Sai in ajiye kwanon in tsuguna wajen ƙafafunsa in yi sallama, ya amsa daga ciki ya ce, "Uwata ta zo da ceto. Miƙo min sifana mai lamba sha uku tukuna." Kafin in iya karanta agogo na iya karanta lambar sifana.

Abin da baƙo ke fara yi wa dariya a garejin shi ne turame. Sauran makanikai in sun ɗaga mota da jak, ƙarfe suke tokare ta da shi, ko tsohon wili, ko bulo. Baba turmi yake sawa. Duk matar unguwarmu da turminta ya huje ko bakinsa ya ɓalle, ba a faskara shi a hura wuta, gidanmu ake aiko shi. Ya yanke shi da zarto ya daidaita, ya shimfiɗa faffaɗan katako don kada ya nutse a rairayi, ya kifa turmin a kai, ya sauko da motar a hankali har ta zauna. Direbobi ba sa gajiya da tsokanarsa. Akwai wani Alhaji mai fataucin raguna a Mai'adua, abokinsa tun suna samari, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, shi ya fi kowa. Da ya sauko daga akori-kurarsa zai ce, "Mai gareji, yau daka ake ko gyara?" Baba ya ce, "In ka zo da geron sai a haɗa maka duka biyun." Amma ni ya faɗa min dalili. Ya ce ƙarfe in zai zame ba ya sallama, bulo kuwa yana tsaye lafiya ƙalau sai dai ka ga ya zama gari. Itace ne kaɗai ke da kirkin da zai gaya maka. Kafin ya tsage sai ya yi ƙara, ya saurara, ya sake yi, ya ba ka lokacin da za ka janye jikinka. Wata rana har ya ɗauko wani turmi da ya riga ya lalace ya sa ƙarƙashin mota, ya tsayar da ni nesa, ya riƙa sassauta jak don in ji. Ƙas. Shiru. Ƙas-ƙas. Ya ce, "Kin ji? Duk ranar da kika ji wannan, kada ki tsaya neman takalmi." Ya ce sau biyu wannan ƙarar tana fitar da shi da ransa.

Ba ya taɓa kwance mota sai ya saurare ta. Yanzu ina ganin samarin makanikai a bakin titi, an kawo musu irin motocin nan masu sauya giya da kansu, su jona wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyari su tsura wa gilashinta ido, ita za ta gaya musu ciwon. Ban ce ba su iya aiki ba. Amma Baba hanci da tafin ƙafa da kunne ne na'urarsa. Zai fara sunkuyawa ya shinshina. Ya shiga ya taka kulocin ya ji a ina yake kamawa. In sai ƙafa ta kusa ɗagowa gaba ɗaya kafin mota ta motsa, sai ya girgiza kai. Daga nan ya ja hambirki, ya sa giya ta uku, ya riƙa sakin kulocin sannu-sannu. In injin ya shaƙe ya mutu, to kuloci na da sauran rai. In injin ya ci gaba da kaɗawa abinsa kamar ba a sa shi aiki ba, faifan kulocin ya cinye, ba ya riƙe komai. Ina yarinya wannan ya fi komai ba ni dariya, wai mutuwar inji ce albishir. Bayan haka sai gwaji a kan hanya. Nan ne daɗina yake. Ya ce in shiga gaba, in rungume kwanon da ya cinye, mu miƙa hanyar Baure tsakanin gonaki, gilashi a sauke, shi yana tuƙi kansa a karkace kamar mai sauraron gulma. "Kin ji yadda ya ɗaga murya alhali ba mu ƙara gudu ba? Zamewa yake. Wannan kukan kuma da ke zuwa in na taka, ya ɗauke in na saki, boris ɗin kuloci ne ya bushe."

Shi aikin kansa wuni guda ne, wani lokaci har da safiyar gobe. A cire farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, a kwance notunan da ke riƙe giyabokis da inji, a zura igiya ta ramin sandar giya wani ya riƙe daga cikin mota, Baba kuma yana kwance a ƙasa ya tallafe shi da ƙirji da gwiwa, a ja shi baya a sauke. Sai ga kulocin a fili. Yakan fito da tsohon faifan ya nuna wa mai motar, ya yi sulɓi yana ƙyalli, kawunan ƙusoshinsa sun fito, ya ce, "Ga abin da ƙafarka ta hagu ta ci." Kafin ya taɓa sabon sai ya wanke hannu da omo har gwiwar hannu kamar mai alwala, don ko ɗigon giris bai yarda ya taɓa shi ba. Yana da wata 'yar sanda da ya sassaƙa da kansa, da ita yake saita faifan a tsakiya kafin ya ɗaure murfin, domin in ya kauce ko da ƙwayar gero ne giyabokis ba zai koma mazauninsa ba, ko mutum goma ne suka tura. Ni ce mai riƙe sandar nan in ba a aiki da ita. Ban ga abin da na taɓa riƙewa da alfahari kamarta ba.

Ina aji biyu na sakandare abin ya fara, ko kuma in ce lokacin na gane. Mun fita gwajin wata mota, ya taka kuloci zai sa ta uku, na ji siririn kukan nan sarai. Na jira ya yi magana, bai yi ba. Ya sake takawa, kukan ya sake zuwa. Na ce, "Baba, boris ɗin nan ya bushe." Ya ce, "Na'am?" Na maimaita. Ya taka, ya saki, ya taka, ya saki, ya karkata kai har hularsa na taɓa sitiyari. Sai ya gangara gefen hanya ƙarƙashin wata tsamiya ya kashe motar. Mun daɗe zaune. Wani mai amalanken shanu ya zo ya wuce mu, ya ɗaga hannu, Baba bai ko gan shi ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yana yi da ƙarfi?" Na ce a'a, kaɗan ne. Ƙarya na yi, kuma ya san ƙarya na yi. Ya ce tun damina kunnensa na hagu ke masa wani shuu kamar ana ruwa a kan rufin kwano, na dama kuma ya fara bin sahu. Ya je asibiti sau ɗaya, an leƙa an ce ba datti ba ne, shekarun ƙarar guduma da inji ne, sai dai haƙuri.

"Uwata," ya ce, "wa zai kawo motarsa wurin makaniken da ba ya ji? Wannan magana daga ni sai ke. Ko Innarki."

Na ce to. Shekarata goma sha uku, kuma ji na yi kamar an naɗa min sarauta.

Daga ranar na zama kunnensa. In an kawo mota da safe sai ya ce wa mai ita a bari inji ya huce, a dawo bayan azahar. Ba injin yake jira ba, ni yake jira. Mu fita hanya, in saurara, in matso kusa da kunnensa na dama in faɗa masa abin da na ji, mu dawo ya sauko yana gyara hula ya yi wa mai mota bayani kamar da. Mun yi wata 'yar alama tsakaninmu ta cikin mutane: in na sosa kunne boris ne, in na gyara ɗankwali zamewa ne. A gida kuma ya koyi kallon baki, ya koyi yin dariya in ya ga ana dariya. In Inna ta kira shi daga madafa bai amsa ba, sai in yi sauri in ce, "Baba, Inna na magana," ina taɓa kafaɗarsa kamar wasa. Shekara huɗu muka yi haka. Ban taɓa tunanin turame ba. Wallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa dukan hikimar turmin a kan kunne take, kuma kunnen ya tafi.

Abubuwa suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya sanar ba. Masu hali suka koma motoci marasa kuloci. Waɗanda Baba ya koya wa aiki suka watse, wannan ya tafi Kano, wancan ya sayi babur yana haya. Inuwar da a da mota uku ke layi ta koma sai a yi kwana huɗu ba a ɗaga jak ba. Ni ma aka janye ni. Gwaggona, yayar Baba, ta zo ta zaunar da Inna ta ce yarinya ta zama budurwa, ana ganinta gaban motocin mutane a hanyar Baure, bakin duniya ba shi da linzami a kan 'ya mace. Inna ta ce daga yau in kai abinci in juyo. Na dubi Baba ina jiran ya ce wani abu. Me zai ce? In ya ce yana bukatata sai an tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiyar Yaya ce. Tun daga nan yake aiki shi kaɗai, yana dafa bonet da tafin hannu, yana neman ya ji da fata abin da kunne ya hana shi.

Wanda bai daina zuwa ba shi ne Alhajin Mai'adua. Ranar da abin ya faru akori-kurarsa ce a kan turame. Kulocin ya ƙone masa a rairayi da lodin raguna, aka jawo ta da igiya. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta jiƙe. Na iso da kwano a ka rana na tsaka, na tarar gaban motar a ɗage, turmi ɗaya dama ɗaya hagu, ƙafafun Baba sun leƙo ta gefen direba. Da yake babu mai riƙe igiya, Alhaji ne da kansa ya tattare babbar riga ya hau cikin motar, da duk nauyinsa, ya naɗe igiyar a hannu. Yana ganina ya ce, "'Yar mai gareji, me aka dafa? In wake ne ki ce wa tsohon nan na riga shi." Na buɗe baki zan gaishe shi.

Ƙas.

Na san ƙarar kafin in san na san ta. Na dubi turmin hagu. Daga waje lafiyarsa ƙalau, ashe gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Na ce, "Baba!" Ƙafafunsa ba su motsa ba. Ina jin sifanarsa na ci gaba da juyawa, yana ɗan rerawar nan tasa. Ƙas-ƙas. Wata tsaga ta buɗe daga gindin turmin tana hawa sama, garin itace na zuba. Na yi ihu da duk muryar da Allah ya ba ni, "Baba, fito! Turmi! Baba!" Mai shayi ya ji daga tsallaken hanya. 'Yan kamasho sun ji daga cikin tasha. Mutumin da ke kwance taku biyu daga bakina bai ji ba. Alhaji ya daka tsawa yana buga ƙasan motar da ƙafa, ba damar ya saki igiya don giyabokis na rataye a kan ƙirjin Baba. Ban san lokacin da na yar da kwanon ba. Na kama idon sawunsa biyu na ja da baya, na faɗi zaune, na sake ja. Buhun da yake kwance a kai ya taimake ni, ya zamo a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kansa na fitowa turmin ya rabe biyu. Motar ta faɗo gefe guda, igiya ta kuɓuce, giyabokis ya dira daidai inda fuskarsa take, gefensa ya sami kafaɗarsa ta dama. Na ji ƙarar ƙashin.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Mutane sun taru, ana salati, ana ɗaga shi zaune, shi kuma yana dube-dube da fuskar wanda aka tasa daga barci, yana cewa, "Me ya faru? Wa ya ja ni?" Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, na kira ka." Ya ce, "Na'am?" Da ma na tsaya nan. Amma wani abu ya taso min daga ciki, tsoro ne ko haushi ban sani ba, kuma maganar da za a yi wa Baba ba ta yiwuwa a hankali, in dai ana so ya ji sai kowa ya ji. Na ɗaga murya na ce, "Na kira ka sau uku! Turmin ya yi ƙara, ya yi ƙara, ba ka ji ba! Ba ka ji, Baba! Shekara nawa ba ka ji! Sai ka mutu a ƙarƙashin mota?" Wannan karon ya ji. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka kewaye shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauke ido kan shinkafar da ta watse a ƙasa.

A ƙofar gidan mai ɗori, ana ciki ana ja masa kafaɗa, ina rakuɓe jikin bango ina kuka, Alhaji ya zo ya tsaya kusa da ni, tafin hannunsa duk igiya ta saɓule fatar. Na ce, "Alhaji, na tona masa asiri." Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wane asiri, 'yata? Yo akwai wanda bai sani ba a tashar nan? Tun kina zuwa da kayan makaranta kina sosa kunne muke kallonku. Kin ga mai shayi da ihu yake gaishe shi, kin zaci haka Allah ya yi shi?" Na ce, "Kun sani, kuka bar shi yana shiga ƙarƙashin mota?" Ya ce, "Wa zai dubi idon mutum kamar babanki ya ce masa ya ƙare? Waɗanda suka kasa faɗa suka daina zuwa. Ni da na kasa faɗa na kasa dainawa, ga abin da na jawo." Da na koma gida na gaya wa Inna, ina zaton za ta yi mamaki. Ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "Ni da nake ɗaki ɗaya da shi?" Ashe gari guda muka taru muna lallaɓa abu ɗaya, kowa yana ɓoye wa kowa, kowa yana jin kunyarsa, har muka kusa kai shi kabari da kunyar.

Kwana takwas Baba bai yi min magana ba. Ba faɗa, ba harara. In na kawo abinci sai ya juya fuska bango har in fita, in ƙanwata ce ta kai sai ya karɓa. Masu dubiya suna ta zuwa, kowa na cewa tsautsayi ne, gara ce, ruwan sama ne, babu wanda ya ambaci kunne. Shi ma ya riƙa gyaɗa kai yana cewa gara ce. Na ga yadda maganar ke komawa inda take a da, ana sake rufe ta da kyau, sai tsorona ya ƙaru.

Yau da safe, bayan an sha koko, ina shara a zaure na gan shi ya fito daga ɗaki. Ya sa tsohuwar rigar aikinsa, hannu ɗaya a ciki ɗaya rataye a wuya da ƙyalle, ya sa takalmi. Inna na biye da shi tana cewa, "Malam, ɗorin ko kamawa bai yi ba," bai san tana yi ba. Na ajiye tsintsiya na tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa tare wa Baba hanya ba tunda aka haife ni.

Ya ce, "Matsa."

Na girgiza kai.

"Motar mutum na kwance a ƙasa kwana tara. Sabon faifan na nan. Zan nemi mai ɗaga min, ni in nuna. Matsa in wuce."

Na san shi. Zai fara da nunawa, kafin la'asar yana ƙarƙashinta. Ban matsa ba. Ya tsaya yana kallona, sai na ga fushin ya sauka, wani abu ya maye gurbinsa. Ya rage murya, irin ragewar wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Ranar nan. Su wa da wa suka ji abin da kika faɗa?"

Da na ce mutum biyu ne ko uku, kuma sun ɗauka ruɗewa ce, da ya yarda, don yana so ya yarda. Da ya shafa kaina ya wuce. Na matso daidai fuskarsa yadda zai ga bakina, na faɗa a rarrabe.

"Baba, ba ranar suka ji ba. Sun daɗe da sani. Alhaji, da mai shayi, da 'yan tasha. Har Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun muna fita gwaji."

Ya juya ya dubi Inna. Ta kawar da kai tana goge ido da bakin zane. Na ga yana lissafawa a ransa, duk gaisuwar da aka yi masa da ƙarfi, duk motar da aka ce za a kawo gobe ba a kawo ba, duk ranar da ya sauko yana gyara hula yana bayani mutane suna gyaɗa kai. Ya dafa bango da hannun mai lafiya, ya zauna a kan dakalin zaure sannu a hankali, kamar tsohon da ban sani ba. Ya sunkuya zai cire takalmi, hannu ɗaya ya kasa. Na durƙusa na cire masa, ya bar ni na cire.

Ya ce, "A aika wa Alhaji ya nemi wani ya haɗa masa motarsa."

Abin da nake roƙon Allah ke nan kwana tara. Na samu. Yana nan zaune a zauren har yanzu, ƙofa a buɗe, yana kallon mutane suna wucewa, kuma na kasa bi ta gabansa.